Guba Ba Ta Tambayar Suna

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Kafanchan, a tambaye shi yadda kwata take a zamanin ƙuruciyarsa. Kafin ya ambaci mahauta zai ambaci ungulaye. Suna jere a kan rufin kwano, suna tsalle-tsalle a bayan masu fiɗa, ba wanda ke jifansu, domin kowa ya san abin da suke ɗauke wa gari. Yau mutum ya zagaya kwatar Kafanchan, ya wuce Kwoi, ya leƙa Zonkwa, ya ƙarasa Kachia, zai iya wuni yana ɗaga kai bai ga ko guda ba. Yaran yanzu da yawansu a bakin manya kawai suke jin cewa ungulu ba ta jewar banza. Tsuntsuwar da ake maganar kuwa, ba su taɓa sa ta a ido ba.

Ba ƙaura suka yi ba. Kashe su aka yi, kuma mafi yawa da guba. A barbaɗa maganin ƙwari na gona a jikin mushe, ungulaye su sauka su ci, su zube nan take, a tsince su a kai wa masu sayar da kayan tsibbu, inda kai da ƙafa da fiffike kowanne da kuɗinsa. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. A farkon 2020 an tsinci gawarwakinsu fiye da 2,000 a ƙasar Gini Bisau, guba ce ta kashe su, da yawa kuma an sare musu kai.

Ungulu babba ce, shi ya sa muka lura da rashinta. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, gubar da ta share ta daga sama ita ce yanzu muke kwarara wa gona da rafi da rumbu da garke a duk faɗin Kudancin Kaduna. Waɗanda take kashewa a can ƙanana ne, ba mai ƙirga su. Sai aikin da suke yi mana ya tsaya cak, sannan mu fara tambayar juna me ya faru.

A da, famfon feshi kayan malamin gona ne. Yau da wuya ka shiga gidan manomi daga Kagarko har Sanga ba ka gan shi a rataye ba. Ranar kasuwa kwalabe ne a baje cikin rana, kusa da mai manja da mai gishiri. Wanda bai iya sayen kwalba guda, a tsiyaya masa a robar ruwa, ba suna ba takarda. Mai sayarwa bai karanta abin da ke jikin kwalbar ba, mai saye bai nemi a karanta masa ba, tambaya ɗaya ce tak: "Yana da ƙarfi?" A haɗa na ciyawa da na ƙwari a famfo ɗaya, a auna da murfi, a ƙara murfi guda "don ya kama sosai". Yaro matashi ya goya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan na ɗiga yana bin gadon bayansa. In an gama a gangara rafi a wanke famfon, a sama da inda mata ke ɗiban ruwa.

Ban ce manomi wawa ba ne. Na san abin da ya tura shi. Ƙwadago ya yi tsada, gayya ta yi rauni, samari sun tafi Abuja da Kaduna ko sun hau acaɓa. Citta amfani ce mai cin hannu, ciyawar cikinta sai an durƙusa an cire da yatsu. Ga rashin tsaro, wanda ya sa ba mai son ya daɗe a gona mai nisa da gari. Kwalba ɗaya takan yi aikin da a da sai an tara unguwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma lissafin da manomi ke yi a bakin shago bai cika ba, domin ya manta da ma'aikatan gonarsa da bai taɓa biyansu ko sisi ba.

Halittun gona da daji da rafi adashe suke yi, kowa na zubi kowa na kwasa. Tsiro ya ɗauki hasken rana da ruwa da iska ya mai da su ganye da tsaba. Fara da tsutsa su ci ganyen. Kwaɗo da ƙadangare da tsuntsu su ci fara. Maciji ya haɗiye kwaɗo, shaho ya sure maciji. Wanda ya mutu a cikinsu, ungulu da buzuzu da gara da ƙwayoyin da ido ba ya gani su mai da shi ƙasa, tsiro ya sake sha. Duk matar da ta taɓa zama uwar adashe ta san abin da ke biyo baya in mutum uku suka janye a tsakiya: wadda ke jiran kwasar ƙarshe ita ce ke kuka. A wannan adashen, mu ne masu kwasar ƙarshe.

Wanda ke ganin na kambama maganar ungulu ya dubi Indiya. A can ba ma da gangan aka yi ba. Wani maganin ciwon jiki ne, dikulofenak, aka riƙa yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Daga farkon shekarun 1990 zuwa 2007 wasu irin ungulayen ƙasar sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Sirrin yana cikin tumbin tsuntsuwar: ruwan cikinta yana da tsami mai tsananin ƙarfi da ke hallaka ƙwayoyin cuta, har da na ciwon saifa na dabbobi, wanda likitoci ke kira antaraks. Wannan ciwon ba labarin nesa ba ne, a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Gajiri, yankin Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, dab da ƙofarmu. Ungulu in ta ci mushe, cutar ta ƙare a cikinta. Kare da ɓera da ƙuda in suka maye gurbinta, ɗauko cutar suke su kawo ta tsakar gida.

Yanayin ƙasarmu kuma ya ƙara wa al'amarin nauyi. Kudancin Kaduna ba Kano ba ce, ba Katsina ba ce. Ruwan da ke sauka a kewayen Kafanchan yakan kai milimita 1,500 a shekara ko ya wuce, ƙasar kuma tudu da gangare ce. Wannan ni'imar ce ta ba mu kurmin Kagoro da Nindam, inda ake samun tsuntsayen da sai an gangara dazuzzukan kudu ake sake ganin irinsu. Ita ce ta ba mu maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro da ruwan da ke faɗowa a Matsirga. Amma ita ce kuma ke sa duk abin da aka fesa da hantsi, in hadari ya haɗo da la'asar, kafin dare yana cikin rafi. Daga ƙasar nan ruwa ke gangarawa Kogin Mada da Gurara da Kaduna, kuma daga madatsar Gurara ake tura ruwa zuwa madatsar Usuma da Abuja ke sha. Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi ta nan, don haka shi ne na farkon da gurɓataccen ruwa ke kayarwa. Manya su tuna yadda fadama ke ɗaukar kukan kwaɗi a daren ruwan farko, su saurara bana.

Wannan ma wanda ruwa ya wanko ke nan. Akwai wanda ake zubawa da hannu. In rani ya yi, ruwa ya ja baya ya taru a gurbi-gurbi, sai wani ya zo da sassafe ya tuttula gamalin. Kafin rana ta take, tarwaɗa da karfasa sun taso ciki sama, ya kwashe manyan ya kai kasuwa. Abin da bai kwasa ba ya fi yawa: ƙwan kifi, 'ya'yan kifi, ƙaguwa, ƙwarin ruwa da kifin ke ci, duk sun mutu a ƙasa. Asalin gamalin sinadari ne mai suna lindan, wanda yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin haramtattu a 2009, saboda ba ya saurin narkewa, maƙalewa yake a kitsen jiki. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babban da ya cinye ƙanana ɗari ya tara na ɗarin, mutumin da ya ci babban ya gaji duka, mai shayarwa kuma ta ba jaririnta rabonsa a nono. Yau ko wace guba aka zuba a ruwa gamalin ake ce mata, ɓarnar dai ɗaya ce. Kuma a lura da wanda ke fara dawowa gurbin da aka kashe. Kifi sai ya shekara kafin ya farfaɗo. Sauro kwana goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo, ga shi ƙananan kifaye da ƙwarin da ke cinye 'ya'yansa an share masa su. Mai gamalin ya ci kifin wuni ɗaya, ƙauye ya sha zazzaɓi.

Mu koma gona, inda ɓarnar ta fi ɓoyuwa. Kowa ya san zanzaro, mai gina ɗakin laka a bango. A fasa ɗaya a duba abin da ke ciki. Wani irin gizo-gizo yake tarawa, wani kuma tsutsotsi ne jere, ya harbe su sun sandare, ya ajiye wa ɗansa abinci. Rina ma haka, tsutsa take taunawa ta ciyar da 'ya'yanta. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, tururuwa, cinnaka, ƙadangare, bushiya, tsuntsayen da ke bin kunya da safe, duk mafarautan ƙwari ne. Akwai ma wasu 'yan mitsi-mitsi dangin zanzaro, ba su kai ƙwayar gero ba, da ke saka ƙwansu a cikin ƙwan tsutsa su cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Maganin da ke cikin famfo bai san wannan daga wancan ba.

A nan ne abin yake juyewa manomi. Ɗauki tsutsar masara da ta shigo mana daga nahiyar Amurka, wadda aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016, kuma Najeriya na cikin wuraren farko. Uwarta na iya zuba ƙwai kusan dubu, cikin wata guda 'ya'yanta sun fara zuba nasu, a dare ɗaya tana iya tafiyar kilomita 100 in iska ta taimaka. Ita tsutsar kuma can cikin zuciyar masara take lafewa, inda feshi ba ya isa sosai. Mafarautanta a fili suke yawo, ba su da yawanta, ba su da saurin haihuwarta. Ka yi feshi, ka kashe mafarautan kusan duka, ka kashe tsutsa mafi yawa. Bayan mako biyu tsutsar ta dawo, ba wanda zai tare ta. Waɗanda suka tsira kuwa ba da sa'a suka tsira ba, jikinsu ne ya fi jure maganin, kuma su ne za su haifi na gaba. Shekara ta zagayo, murfi ɗaya ba ya yi sai biyu, biyu ba sa yi sai an sauya kwalba. Sai ka ji manomi na cewa maganin bana jabu ne. Wani lokaci jabun ne, ba a musu. Sau da yawa kuwa maganin na nan yadda yake, ƙwaron ne ya sauya, kuma da kuɗin manomin aka horar da shi. Haka sauro ya yi da magungunan gidan sauro a sassa da dama na ƙasar nan.

Ƙasar Sin ta taɓa yin irin wannan ganganci da hukumarta gaba ɗaya. A 1958 aka shelanta yaƙi da gwara saboda tana cin hatsi, aka kashe miliyoyi. Ashe ƙwari take ciyar da 'ya'yanta da su. Fara da sauran ƙwari suka samu sarari, suka ƙara wa yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane tsanani. A 1960 aka janye dokar, bayan an binne waɗanda aka binne.

Sai ƙudan zuma. Yankinmu ya yi suna da zuma, amyoyi na rataye a kan itatuwa, 'yan kasuwa na zuwa nema daga nesa. Amma zumar ita ce ƙaramin abin da ƙudan ke ba mu. Kabewa da kankana da agushi da gurji, furen namiji daban na mace daban, in ba ƙwaro ya ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, sai dai yaɗo ya yi kyau ba ɗa. Riɗi da kashu da lemo da kaɗanya duk suna ƙara yabanya da ziyararsa. Manomin da ya shiga gonar wake tana cikin fure da rana tsaka ya yi feshi, ya kashe na kan furen, waɗanda suka tsira kuma sun kai gubar cikin amya. Mai amya ya zo ya tarar da gawarwaki a ƙasa ya ce ƙudan sun gudu. Tarayyar Turai a 2018 ta hana fesa wasu magungunan ƙwari uku a fili saboda ƙudan zuma kawai. Ɗaya daga cikinsu, imidakulofirid, yana nan a shagunanmu da sunaye iri-iri.

Maganin ciyawa bai buƙatar ya taɓa ƙudan kafin ya cuce shi. Abin da muke kira ciyawa a gefen gona da bakin hanya, furanninsa ne abincin ƙudan a watannin da amfanin gona ba ya fure. Mu ma abincinmu ne. Karkashi, lalo, tafasa, gasaya, alayyafon daji: iyayenmu mata a tsakanin kunya suke tsinkarsu su haɗa miyar dare, ba su shuka ba, ba su saya ba. Gonar da aka ƙone ƙurmus da feshi ba ta da ko ɗaya, kuma ba a iya shuka wake da kabewa a ƙarƙashin dawa yadda aka gada. Talaka ya rasa miyar kyauta, ya koma saye.

Ɗorawa kuma abokin hulɗarta jemage ne. Jajayen dunƙulallun furanninta da ke reto a ƙarshen rani da dare suke zubar da ruwan zaƙi, jemagu su zo lasa, garin fure ya manne a gashinsu, su kai wata bishiyar, ƙudan zuma ya ƙarasa saura da asuba. Ba jemage, kalwa ta ragu. Ba kalwa, ba daddawa. Shi jemagen, in ɗorawa ta gama, ɓaure ne ke riƙe shi, ɓaure kuma ba ya yin iri sai wani ɗan ƙwaro ya kutsa cikin ɗansa ya yi ƙwai a ciki, kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Dubi nisan zaren, daga ƙwaron da ba a gani sai an ƙura ido har zuwa tukunyar miya. Mu kuma muna harbin jemagen, muna sare ɗorawar mu yi gawayi.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa ya fi duk wannan. A tumɓuke gyaɗa ko waken suya a duba saiwar, za a ga 'yan ƙululai. A fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, to ma'aikata na kan aiki: ƙwayoyin halitta ne da tsiron ya ba su masauki da abinci, su kuma suna kamo sinadarin da ke cikin iska su mai da shi taki, irin wanda muke saye a buhun yuriya. Akwai kuma zaren fumfuna mai amfani da ke manne wa saiwar masara da doya da citta, yana miƙa nesa ya jawo musu ruwa da abinci, su biya shi da zaƙi. Gara da muke tsana, a cikin suri gona take da ita, fumfuna take nomawa a kan tattaunannen kara, hanyoyin da take haƙawa kuma su ne ke shigar da ruwa cikin ƙasa. Tana ma haka. Duk waɗannan abincinsu ɗaya ne, wato ganye da kara da saiwar da ke ruɓewa. Gonar da ake ƙonewa da rani, a feshe ta tas da damina, shekara da shekaru, ta bar su da yunwa. Ƙasar ta daskare, ruwan Agusta ya kwashe samanta, manomi ya ce gona ta gaji, ya ƙara buhun taki.

Ba wanda ya manta da daminar 2023. Citta ta yi kore shar, sai ganye ya fara rawaya, a tona a tarar ta ruɓe. Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a, Zangon Kataf, gona bayan gona. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12. Mutanen da suka ci bashi, waɗanda suka dogara da ita don kuɗin makaranta da aure da rufin ɗaki, suka wayi gari hannu rabbana, iri ma ya gagara saye. Cutar dangin fumfuna ce, ba feshi ne ya haife ta ba. Amma a dubi teburin da muka shimfiɗa mata: amfani iri ɗaya, gona na jingine da gona daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, ana maimaita shi a wuri ɗaya, iri na yawo daga hannu zuwa hannu ba mai tantancewa. A ƙasa mai rai, mugun fumfuna yana da abokan hamayya da ke cin abincinsa, wasu ma shi suke ci. Da wannan hikimar ce cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa Aflasafe, inda ake watsa fumfuna marar dafi a gonar masara da gyaɗa ya kori mai dafin, kuma manoman Jihar Kaduna sun yi amfani da shi. Tsorona shi ne darasin da muka ɗauka daga 2023 ya zama "a ƙara feshi" kawai. In haka ne, mun sayi annoba ta gaba da kuɗinmu.

A cikin gida ma haka muke. Mujiya mun ce tsuntsuwar mayu ce, a kashe. Mesa a kashe, tunku a kashe. Dukansu ɓera suke ci. Da ɓera ya yi yawa sai mu kawo shinkafar ɓera, wanda ya ci ya fita yana tangaɗi, kyanwa ko shirwa ta ɗauke shi ta bi shi. Ɓeran nan kuwa shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969, kuma duk rani sai ya ci rayuka a ƙasar nan. A garke, daga Ladduga zuwa rugagen bakin kogi, carki da ke cire wa shanu kaska ya yi ƙaranci, ana wanke dabba da maganin da aka yi don gona. Saniya ta yi kiwo inda aka fesa jiya, ko ta sha a gurbin da aka zuba gamalin, ta faɗi, a yankin da ƙaramar magana ke zama babbar fitina. Gubar ba ta tambayi mai gonar Bajju ne ko Atyap ko Ham ko Bahaushe ba, ba ta tambayi mai saniyar coci yake zuwa ko masallaci ba. Rafi ɗaya muke sha.

Maganin da ake sa wa hatsin rumbu kuwa kai tsaye yake zuwa ciki. A zuba fiya-fiya a buhun wake don kada ya yi ƙwari, a kai kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan sinadarin, dikulobos, da aka samu a ciki. Waken da Turawa suka ce ba su ci, mu muka cinye shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da shagunan unguwa. Ta kuma sanar da haramta farakwat, maganin ciyawa mai ƙona ganye nan take, daga farkon 2024, da atirazin daga farkon 2025. Turai ta daina amfani da farakwat tun 2007. Ba shi da makari: wanda ya kurɓa, huhunsa ne ke lalacewa a hankali likita na kallo. Doka dai an yi ta a takarda. Sauran a shiga kasuwar Kafanchan da ta Kachia a ɗaga kwalabe a karanta abin da ke jikinsu, kuma wannan aikin hukuma ne, ba na manomi ba.

Kada wani ya ce ba wata hanya. Rogon da muke ci yau, wani ɗan ƙwaro ne ya cece shi. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka yana cinye gonaki. Masanan IITA, ƙarƙashin Hans Herren, ba su nemi guba ba, suka je mahaifarsa suka nemo abokin gabarsa, ɗan mitsitsin dangin zanzaro daga ƙasar Faragwai, aka sake shi a Najeriya a 1981. Ya bazu da kansa, ya danne annobar a faɗin nahiyar, manomi bai biya ko kwabo ba. A ƙasar Maraɗi, masu bincike na Nijar sun koya wa ƙauyuka kiwon wani irinsa a cikin 'yan buhunan algarara, a rataye a rumbu ko a gona, ya fita ya farauci tsutsar zangarniyar gero. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba ɗigon magani. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana hana tsutsa cin ganye, illarsa ga mafarautanta kuma kaɗan ce. Toka ko yashi a zuciyar masara tun tsutsa na ƙarama yana aiki a ƙaramar gona. Juya amfani, citta bana, wake ko masara baɗi, ya fi kowace kwalba arha.

Ban ce a jefar da famfo ba. Akwai ranar da ba makawa sai an yi feshi. To, a fara shiga gona a duba ko ƙwarin sun kai a yi. A bi awon da aka rubuta. A bar amfani in yana cikin fure, in ya zama dole a bari sai rana ta faɗi ƙudan zuma ya koma, a kuma gaya wa maƙwabci mai amya. A bar ɗan fili a bakin rafi da iyakar gona ba a taɓa shi ba. A huda kwalbar da ta ƙare, kada ta zama ta ɗura manja ko kunu. Kada a goya wa yaro famfo. Tsangayar noma ta Jami'ar Jihar Kaduna tana nan Kafanchan, ga makarantar noma a Samaru Kataf, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya: ɗalibansu su fita ƙauyuka da wannan magana cikin Hausa da harsunan gida, domin a yanzu mai shagon magani shi ne malamin gonar da manomi ke gani, shi kuwa cinikinsa ne a fesa da yawa.

Ga iyayen ƙasa kuma, Mai Martaba Sarkin Jama'a, Agwam Fantswam, Sarkin Kagoro, Kpop Ham, Agwatyap, Agwam Bajju da sauran masu sarauta, Allah ya ja zamaninku, wannan a hannunku take kafin ta kai Abuja. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu asalinsa alamar gama girbi ne da buɗe farauta. Abin da ake buɗewa, ai dā a rufe yake: kakanni sun san akwai watannin da ake ƙyale daji ya hayayyafa, akwai kurmin da ba a shiga da gatari, kuma wanda ya karya ya san hukuncinsa. Ikon nan bai mutu ba. Hakimai da dagatai da masu unguwa su sa tara mai zafi a kan duk wanda ya zuba guba a ruwa, ko ya wanke famfo a rafi, ko ya sa wa mushe magani, a kuma hana sayar da sassan ungulu a kasuwannin da ke ƙarƙashinsu. Limamai su faɗa ranar Juma'a, fastoci su faɗa ranar Lahadi. A fara da rafi, kuma a yi shelar tun kaka, kafin ruwa ya ja baya masu gamalin su fito.